Yadda na kai iyalina Kankun, tun daga neman biza har dawowa gida

Sana'ata zoɓo ce. Na fi shekara goma ina saye a Maigatari da Dawanau, a tsince, a ɗura a buhuna, a cika kwantena ta bi ta Legas, kuma mafi yawan abin da muke turawa ƙasar Meksiko yake sauka. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa taka ƙasar ba, tsakanina da ita sai waya da takardun kaya. Yarana sun tashi suna jin sunanta a bakina safe da yamma, har wata rana babbar 'yata ta ce, "Abba, wai mutanen nan me suke yi da zoɓon da ba ya isar su?" Daga nan maganar ta faro. Na yi musu alkawarin in Allah ya hore, hutun ƙarshen shekarar 2024 a can za mu yi shi, a Kankun, garin bakin tekun nan da suke rubutawa Cancún. Mu biyar ne: ni da mai ɗakina, da babbar mai shekara 13, da ƙanenta mai shekara 10, sai auta mai shekara 5. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, lokacin da nake shiri na rasa wanda zai jera mini abin da ke gaba da abin da ke baya. Duk wanda na tambaya sai ya kawo mini labarin Dubai ko Masar, alhali hanyar ba ɗaya ba ce.

Na fara da kuskure. Ina da bizar Amurka ta shekara biyar da na samu a 2023, kuma na san ƙa'idar Meksiko: wanda yake riƙe da bizar Amurka, ko Kanada, ko Birtaniya, ko Japan, ko ta ƙasashen Turai masu bizar Schengen, matuƙar ba ta mutu ba, ba ya buƙatar wata biza kafin ya shiga yawon buɗe ido. Sai na ɗauka tunda ni ne maigida, tawa za ta ɗauki kowa. Na yi sati biyu a kan wannan zaton, har na fara duba farashin tikiti, kafin na karanta shafin ofishin jakadancinsu a tsanake na gane cewa kowane fasfo kansa yake tsayawa. Ni kaɗai aka ɗauke wa. Mai ɗakina da yara uku, har da auta, kowa sai ya nemi tasa. A nan zan tsaya in ja hankalin masu shirin dogaro da bizar Amurka yanzu: a Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar baƙunci da Amurka take bai wa 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Kada mutum ya ji labarina ya ɗauka halinmu ɗaya. A duba ranar mutuwar bizar da yawan shigar da aka rubuta a jikinta, sannan a tambayi ofishin jakadancin kai tsaye.

A watan Satumba na fara haɗa takardu. Fasfon yara biyu ya kusa ƙarewa, auta kuwa ba ta taɓa yi ba, don haka sai da muka fara yi mata lambar NIN, sannan fasfo. Wannan kaɗai ya ci kusan wata guda. Abin da ofishin jakadancin Meksiko da ke Abuja yake nema ba shi da yawa a ido: fom da aka cike aka sa hannu, fasfo da kwafinsa, hoto mai farin bango babu tabarau, da shaidar cewa akwai abin da za a riƙe kai a can. Ni ɗan kasuwa ne, don haka na kai bayanan asusun banki na wata uku da hatimin banki a kowane shafi, da takardar rajistar kamfani. Suna da mafi ƙarancin adadin da suke son gani, kuma yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka adadin da wani ya faɗa maka bara ba abin riƙewa ba ne. Matsakaicin abin da ya zauna a asusun cikin watannin nan suke dubawa. Wanda ya ranto kuɗi ya zuba ana jibi ganawa, takardar da kanta za ta tona shi. Ranar ganawa ta intanet ake nema, kuma kyauta ce. Wani mai shagon tikiti ya ce in ba shi naira dubu ɗari uku ya samo mana rana "ta cikin gida". Na ƙi, na aika da kaina, bayan kwana tara aka ba mu rana a farkon Nuwamba.

Mun kwana a Abuja, da sassafe muka isa. Babu cunkoso irin wanda na saba gani a wasu ofisoshin, mutanen da ke jira ba su kai ashirin ba. Aka karɓi wayoyinmu a ƙofa, muka zauna kamar awa ɗaya. Da aka kira mu, ma'aikaciyar ta jera takardun a gabanta tana bi ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya a wurare biyu. Na farko, tunda ni ne zan ɗauki nauyin kowa, dole in nuna a takarda cewa wannan matata ce. Mu kuwa aurenmu irin na gida ne, an ɗaura a ƙofar gidan mahaifinta gaban ɗaruruwan shaidu, shekara goma sha biyar da suka wuce, ba wanda ya yi tunanin wata takarda. Kuma ita sunan mahaifinta take amfani da shi, babu inda sunana ya fito a fasfonta. Na biyu, a takardar haihuwar ɗana an rubuta sunana Mohammed, a fasfona kuwa Muhammad ne. A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin wanda bai san mu ba mutum biyu ne. Ta yi mana bayani cikin mutunci, ta ce mu gyara mu dawo. Laifin nawa ne, shekara goma takardar tana cikin durowa ban taɓa karanta ta da kyau ba. A mota yaron ya ce, "Abba, saboda ni ne aka hana mu?" Wannan tambayar ta fi asarar kuɗin mai da na masauki ci mini rai. Na ce masa ba a hana mu ba, aiki ne ya rage.

Da muka koma Kano na ɗauki ƙanen surukina, wanda shi ne waliyyin mai ɗakina, da abokaina biyu da suka halarci ɗaurin auren, muka je kotun shari'ar Musulunci aka ba mu shaidar aure. Na yi rantsuwar kotu a kan bambancin rubutun suna, na haɗa da takardar haihuwar. Bayan sati uku muka sake komawa Abuja, mu duka biyar, domin yaro ba ya neman biza sai iyayensa biyu suna tsaye, ko kuma a kawo izinin wanda bai zo ba a rubuce. Wannan karon an karɓi komai. Aka ɗauki hoto da zanen yatsu, mai ɗakina da hijabinta, fuska dai a buɗe. Tambayoyin gajeru ne: me za ku je yi, kwana nawa, ina za ku sauka, wa zai biya, yaran wace makaranta suke. Na kai wasiƙar makarantarsu ko da yake ba a lissafa ta ba, kuma an duba ta. Kuɗin biza dala hamsin da 'yan kai ne kowane mutum, ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana ka. Bayan kwana huɗu na koma na karɓo fasfo huɗu da biza a manne. A bakin ƙofar na tsaya na karanta kowane suna da kowace lamba harafi bayan harafi, don na riga na ɗanɗana.

Sai a lokacin na sayi tikiti, kuma ina roƙon kowa ya bi wannan jerin. Kafin biza ajiyar kujera kawai na yi, da masaukin da za a iya sokewa ba tare da asara ba. Zaɓen hanya ma wani karatu ne. Tikitin da ya fi arha ta Amurka yake bi, amma Amurka ba ta barin mutum ya ratsa filin jirginta ba tare da biza ba, ko da awa biyu zai yi. Ta Faransa ko Jamus ko Ingila kuwa mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar ratse, sai in yana da irin bizar da ke ɗauke masa, wadda ni nake da ita, iyalina ba su da ita. Saura hanya ɗaya mai sauƙi: Abuja zuwa Istanbul, daga can jirgin ya tsaya a babban birnin Meksiko, ya ƙarasa Kankun. Muddin ba za ka fita daga filin jirgin Istanbul ba, babu ruwanka da bizar Turkiyya. Kowane babba ya tashi kusan dala dubu biyu zuwa da dawowa, domin ƙarshen Disamba shi ne lokacin da kowa yake tururuwa can. A lokacin katin naira ba ya aiki a waje, don haka na sa kuɗi a asusun dala na karɓi katinsa, na kuma canji wasu a Wapa na riƙe a hannu, dala tana sama da naira 1,600.

Wajen haɗa kaya mai ɗakina ta tanadi kilishi da dambun nama, na ce ta ajiye. Meksiko ba ta yarda a shigar mata da irin wannan naman ba, haka ɗanyen 'ya'yan itace da iri. Garin yaji da kuka kawai muka ɗauka, a ƙulle cikin leda. Mun ɗauki katin rigakafin shawara na kowa, da magungunan yara, da kan soket mai baki biyu falle-falle irin na Amurka, don namu mai baki uku ba ya shiga bangonsu. Tafiyar kanta ba abin faɗi da yawa sai tsawo. Awa shida da wani abu zuwa Istanbul, inda akwai masallatai a cikin filin jirgin muka yi salla muka miƙe ƙafa, sannan wajen awa goma sha huɗu a sama kafin babban birninsu, sannan wasu awa biyu. Auta ta yi kuka ta gaji ta yi barci, ta farka ta tarar ba a iso ba.

Wurin jami'an shige da fice na Kankun ne gabana ya fi faɗuwa, saboda na san biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, shiga kuwa sai jami'in da ke zaune ya yarda. Layin ya ɗauki minti arba'in. Da muka isa jami'in ya duba fasfo biyar, ya tambayi dalilin da ya sa tawa ta bambanta da tasu, sannan ya ce mu koma gefe mu jira. Muka zauna a wasu kujeru tare da mutanen wasu ƙasashe. Mai ɗakina ta matso ta ce a hankali, "Abban yara, lafiya dai ko?" Na ce lafiya, amma ni ma addu'a nake yi. Bayan kamar rabin awa wata jami'a ta zo ta nemi tikitin komawa, da shaidar biyan masauki, da abin da za mu yi kowace rana. Duk na buga su a takarda na sa a jaka ɗaya, tare da shaidar aure da takardun haihuwa. Ta bi su, ta tambayi sana'ata, na ce ina sayar wa ƙasarku jamaica, wato sunan zoɓo a bakinsu, suna furta shi hamaika. Ta ɗago ta dube ni ta yi murmushi. Aka buga mana hatimi aka rubuta kwana 30 da biro. Doka ta ba da dama har kwana 180, amma abin da jami'in ya rubuta shi ne naka, don haka a duba kafin a bar wurin. Da a waya kawai na ajiye takardun nan, da na sha wuya, domin ba a son ganin waya a hannu a wurin.

Bayan an ɗauki kaya an wuce na'urar kwastan da karnukansu, akwai wani dogon zaure kafin ƙofar fita. Mutane ne cike sanye da riguna masu kama da na ma'aikata, kowa yana kiranka, wannan ya ce shi ne mai motarka, wancan ya ce yana da kyautar yawo ga iyali. Yawancinsu dillalan hannun jarin ɗakunan hutu ne, so suke su zaunar da kai rabin yini suna tallata maka abin da ba ka zo saye ba. Na riƙe hannun auta muka wuce ba mu tsaya ba. Direban da na biya tun daga gida yana waje da allo ɗauke da sunana. Tasin filin jirgi tsada gare ta ƙwarai, wanda ba shi da kaya da yawa gara ya hau bas ɗin ADO zuwa cikin gari.

Kankun gari biyu ne a haɗe. Akwai cikin gari inda ma'aikata da iyalansu suke zaune, akwai kuma unguwar otal-otal, wani siririn tsibiri mai siffar lamba 7 da ya fi kilomita 20, teku a gefe ɗaya, tafkin Nichupté a ɗaya gefen, titi ɗaya tal mai suna Kukulcán ya ratsa shi. Garin ba tsoho ba ne, gwamnati ce ta zaɓi wurin ta fara gina shi a 1970 musamman domin baƙi. Yawancin manyan otal ɗin kuɗi ɗaya ake biya ya haɗa da ci da sha, amma da na yi lissafi sai na ga rabin abin da zan biya na giya ne da naman da ba za mu taɓa ba. Wasu ma ba sa karɓar yara sam. Sai na kama gida mai ɗaki biyu da madafa a cikin gari, muna hawa bas mai lamba R1 ko R2 zuwa bakin teku a kan peso 12 kowane mutum. Ban yi nadamar wannan ba ko kaɗan. Ranar farko a wani gidan abinci na ga an rubuta $250 a gaban farantin kifi, na yi niyyar tashi, ashe alamar peso da ta dala iri ɗaya ce a can, kuma a lokacin dala ɗaya wajen peso 20 ce. A na'urar cirar kuɗi kuma, in ta tambaye ka ko ta canza maka da farashinta, ka ƙi, na bankinka ya fi sauƙi. Ma'aikatan gidan abinci suna sa ran ihsani na kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a sa shi a lissafi tun farko.

Abinci ne inda Musulmi zai fi buɗe ido. Alade ya shiga girkinsu sosai, kuma ba kullum ake ganinsa ba. Abincin da yankin yake alfahari da shi, cochinita pibil, alade ne. Naman da ake gasawa a tsaye kamar shawarma, al pastor, shi ma alade ne. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne kitsensa, manteca, da ake sa wa a dakakken wake da wasu kayan fulawa. Na rubuta kalmomi shida a takarda na ba kowa ya haddace: cerdo, puerco, manteca, jamón, tocino, chorizo. In za mu sayi abu sai mu nuna mu ce "sin", wato ban da. Ba wanda ya taɓa ɓata rai, wata mai abinci ma da kanta ta hana ɗana wani wake da ya miƙa hannu zai ɗauka. Naman yanka na halal ba mu neme shi da nisa ba, muka tsaya a kan kifi da jatan lande da ƙwai, ga su nan sababbi kuma da araha a manyan kantuna. Akwai shinkafa, wake, agada, tumatir, da wani barkono habanero wanda ba shi da maraba da attaruhunmu. Mai ɗakina ta yi mana miyar kuka da kifi, muka tuƙa tuwo da garin masararsu, ya yi daidai. Ruwan famfo ba a sha, na gora ake saye. Da daddare mukan je dandalin Las Palapas inda iyalan garin suke fitowa, yara su hau ƙananan motoci, mu sayi marquesita, wata siririyar waina mai ƙaras-ƙaras da ake naɗewa da cuku a ciki.

Teku kuwa, gani ya kori ji. Yarana ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, sai ga shuɗi kala uku a jere har iyakar gani, yashi fari tas kuma ba ya ƙona ƙafa. Duk bakin teku a Meksiko mallakar ƙasa ne, kowa yana da ikon shiga, sai dai a nemi ƙofar jama'a. Mun fara da Playa Delfines, inda aka kafa manyan haruffan sunan garin ana ɗaukar hoto, amma igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, kuma ranar jan tuta aka kafa. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja haɗari, baƙi an rufe. Ɗana ya roƙe ni har da hawaye, na hana shi wuce idon sawu. Wanda ya koyi iyo a kududdufi bai san yadda teku take janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa ba. Washegari muka koma ɓangaren arewa, Playa Langosta, inda ruwan yake kwance, nan suka yi wasa har suka gaji. Maganar sutura ba sai na ɓoye ba, za a ga tsiraicin da ido bai saba da shi ba. Dabararmu ita ce sammako: mu isa kafin ƙarfe takwas, mu tashi kafin sha ɗaya lokacin da wurin yake cika. Mai ɗakina da babbar suka sa kayan iyo masu rufe jiki duka, ba wanda ya kalle su sau biyu. Yankin gidajen rawa da ke kusurwar tsibirin kuwa ba mu bi ta nan da yara bayan magariba ba. Kwana goma ba mu ji kiran salla ba, waya ce ladaninmu. Alƙibla arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, kuma suna bayanmu da awa shida, don haka mun idar da asuba Kano ana shirin azahar.

Rana ta huɗu muka shiga jirgin ruwa daga Puerto Juárez zuwa tsibirin Isla Mujeres, tafiyar kamar minti 20. Mun yi niyyar zuwa tun ranar da ta gabata, iskar arewa da ke tasowa a wannan lokacin ta sa muka ɗaga. A can muka yi hayar ƙaramar mota marar ƙofa, sai da suka ga lasisin tuƙina, muka zagaya har ƙarshen kudu inda duwatsu suke kallon teku. A Playa Norte mutum yana tafiya mai nisa cikin ruwa bai wuce ƙugunsa ba, nan ne kawai na saki hannun auta hankalina kwance. Muka ci gasasshen kifin da suke kira tikin xic.

Ranar da ta fi zauna mini ita ce ta Chichén Itzá, tsohon birnin mutanen Maya, kimanin kilomita 200 daga Kankun. Masu tallan yawo a titi suna da farashi mai arha, amma da na bincika sai na ji motarsu tana bi otal-otal tana ɗiba, ta tsaya a shagunan tsaraba, ba a isa sai rana ta take. Na yi shatar mota muka tashi ƙarfe shida da rabi ta babbar hanya mai kuɗin fito. Ga wani abu da ba wanda ya faɗa mini: jihar Yucatán tana bayan jihar Quintana Roo, inda Kankun take, da awa ɗaya. A zuwa riba ce, muka isa jim kaɗan bayan buɗe ƙofa da ƙarfe takwas nasu, a dawowa kuma sai ka biya awar. Kuɗin shiga kashi biyu ne, na gwamnatin tarayya da na jiha, jimilla sama da peso 600 ga babba baƙo, a riƙe tsabar kuɗi. Muka ɗauki ɗan jagora, Bamaye ne da har yanzu yake magana da harshen kakanninsa a gida. Ya tsayar da mu gaban babbar dalar dutsen da ke wurin, ya sa ɗana ya yi lissafi: matakala 91 a kowane gefe huɗu, a ƙara dandamalin sama, 365, kwanakin shekara. Ya tafa hannu a gindin matakalar, amsa-kuwwar ta dawo kamar kukan tsuntsu, yaran suka yi ta tafawa. Ya ce sau biyu a shekara, a Maris da Satumba lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwa takan sauko ta gefen matakalar kamar maciji. An daina barin kowa ya hau. Muka ga filin ƙwallonsu mai tsawon mita 168, da ginin da suke duban taurari, da rijiyar da suke jefa hadaya har da ta mutane. Babbar ta yi shiru, can ta ce, "Abba, duk iliminsu?" Muka daɗe muna wannan maganar a inuwa, kuma ban san wani aji da zai koya mata abin da ta gani da idonta a safiyar nan ba. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1988. Da na ga yadda suke tsare kowane dutse da igiya da mai gadi, ganuwar Kano ta faɗo mini a rai, yadda muke kallo ana cin ta da gini, raina ya sosu.

Daga nan muka je Ik Kil, ɗaya daga cikin ramukan ruwan da suke kira cenote. Ƙasar yankin dutsen farar ƙasa ce, ruwan sama ba ya tsayawa a kai, ta ƙarƙashi yake gudu, inda rufin ya rufta sai ka ga tafki a cikin rami. Ana sauka ta matakala, saiwoyi suna reto daga sama, ruwan sanyi ƙalau, zurfinsa ya haura mita 40. Dole a watsa ruwa kafin a shiga, dole a sa rigar da ke hana nutsewa. Ni da manyan biyu muka shiga, auta da mahaifiyarta suka tsaya daga sama. A hanyar dawowa muka tsaya a Valladolid, tsohon garin da Sifaniyawa suka kafa a ƙarni na 16. A gefen dandalin garin wata dattijuwa tana da manyan tulunan gilashi uku: fari na shinkafa da kirfa da suke kira horchata, ruwan ƙasa na tsamiya, da ja. Na sayi jan kofi biyar. Zoɓo ne, babu citta babu kanumfari, ruwa da sukari da ƙanƙara kawai. Na ce wa babbar ga amsar tambayarki, haka suke shan sa da abincin rana a kowane gida. Mai ɗakina ta kurɓa ta ce da sun san citta da sun ƙara saye.

Ana gobe za mu taso na biya harajin baƙi na jihar, Visitax, ta intanet, peso ɗari biyu da wani abu kowane mutum. A kula, akwai shafukan 'yan tsakiya masu kama da na gwamnati da suke ninka kuɗin, na gaskiyar adireshinsa da gob.mx yake ƙarewa. Masauki ma yana karɓar ɗan harajin tsaftar muhalli na kowane dare, wanda ba ya cikin abin da ka biya tun farko. Mun isa filin jirgi awa uku da rabi kafin tashi, kuma mun buƙaci lokacin. Dawowa ta fi sauƙi, jirgin daga Kankun kai tsaye yake zuwa Istanbul.

Da zan sake, wata shida kafin tafiya zan fara, ba uku ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Zan baza takardun kowa a tabarma in gwada rubutun sunaye tun kafin in nemi ranar ganawa, kuma duk mai aure da bai da shaidar aure a rubuce ya je ya yi ko ba ya shirin zuwa ko'ina. Zan bar kwana biyun farko babu wani shiri, saboda yaran sun yi ta farkawa ƙarfe uku na dare suna neman abinci. Zan kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara in makaranta ta ba da hali, farashin komai yana sauka bayansa. Amma ba zan kai shi damina ba: daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne, kuma a watannin zafi wata ciyawar ruwa mai suna sargazo takan taru a gaɓar gabas ta ruɓe ta yi wari. Tulum, wani tsohon garin Maya a bakin teku, da gidan tarihin Maya na cikin Kankun ba mu samu zuwa ba, kwanakin sun ƙare. Ɗana ya rubuta su a bayan littafinsa na lissafi, ya ce in ajiye masa fasfonsa inda ba zai ɓata ba.